Tashin Hankali da Tashin Duniya

Akwai maganar da ba ta tsufa a bakin Bahaushe. Buhun shinkafa ya yi tsada, a ce ƙarshen duniya ce. Yaro ya ɗaga wa mahaifinsa murya, ƙarshen duniya ce. Malamai biyu sun yi wa juna raddi a Facebook, almajiransu sun daina gaisawa, ƙarshen duniya ce. Maƙwabtan da suka shekara talatin suna cin kasuwa ɗaya sun wayi gari suna farautar juna, nan ma ita ce. A Zangon Agege, a teburan masu shayi na Isolo da Idi-Araba, a rumfunan Mile 12, da wuya a yi hirar dare a watse ba a faɗe ta ba. Mai faɗa ya girgiza kai, masu ji su ce Allah Ya sa mu cika da imani, a shafa, kowa ya kama gabansa. Da zarar an faɗe ta zance ya mutu, domin ba a jayayya da alƙiyama.

Babu Musulmin da ke shakkar cewa duniya za ta tashi, kuma ba shi ake tambaya a nan ba. Abin tambaya shi ne ko rikici da rarrabuwar kai da muke gani sun isa hujjar a ce lokacin ya yi, da kuma abin da wannan furuci yake yi wa mai faɗinsa.

Harshenmu ma ya taimaka wajen cakuɗa lamarin. Da kalma ɗaya muke cewa kasuwa ta tashi, gari ya tashi, farashi ya tashi, hankali ya tashi, duniya ta tashi. Amma kasuwar da ta tashi da magariba gobe za ta ci. Garin da ya tashi ya zama kufai, mutanensa suna can wani wuri sun kafa sabo. Hankalin da ya tashi yana kwantawa. Duniya kaɗai ce in ta tashi babu komowa. Ita kanta kalmar duniya ba fuska ɗaya gare ta ba. Wanda ya yi arziki an ce ya sami duniya, wanda ya bar gida ya lalace an ce ya shiga duniya, wanda ya rasa abin da ya dogara da shi yakan ce duniyarsa ta ƙare. Don haka idan dattijo a Agege ya ce duniya ta zo ƙarshe, yana da kyau a tambaye shi wacce. Sau da yawa wadda ya sani yake nufi: ta lokacin da ake ba da kaya bashi a kan kalmar baki, ake barin shago a buɗe a tafi masallaci. Wannan duniyar tana iya ƙarewa, kuma rashinta abin kuka ne. Amma ba ita ce wadda za a busa wa ƙaho ba.

Mutanen Isolo sun taɓa ganin ranar da ta yi kama da tashin alƙiyama. Ranar Lahadi, 27 ga Janairu, 2002, da yamma, gobara ta kama a barikin soja na Ikeja, ta isa rumbun ajiyar makamai. Bama-bamai suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana girgiza, gilasan tagogi suna tarwatsewa a unguwanni masu nisa. Ba a sami wanda ya fito da wuri ya gaya wa jama'a abin da ke faruwa ba, wayar salula kuwa watanni kaɗan ke nan da shigowarta, tana hannun masu hali ƙalilan. Sai kowa ya fassara ƙarar da abin da ya fi tsoro. Ƙasar ba ta cika shekara uku da fita daga mulkin soja ba, wasu suka ce juyin mulki ne. Harin 11 ga Satumba a Amurka bai kai wata biyar ba, wasu suka ce yaƙi ne ya iso. Wasu kuwa suka ce duniya ce ta tashi.

Jama'a suka kwararo daga wajejen Oshodi da Mafoluku, iyaye riƙe da yara, wasu ko takalmi babu, suka nufi ɓangaren Isolo da Ejigbo. Duhu ya same su a bakin magudanar ruwan Oke-Afa. Ciyawar ruwa irin kainuwa ta lulluɓe samanta, a duhu sai ka rantse fili ne. Na gaba suka taka suka nutse, na baya ba su gani ba, suna ta turowa. Aka kwana da kwanaki ana tsamo gawa, da yawa mata da ƙananan yara. Mutum fiye da 1,000 suka rasu a wannan masifa, mafi yawansu ko ƙwarzane bam bai yi musu ba, ruwa ne ya ci su. Waɗanda ba a sami danginsu ba aka haɗa su a makwanci ɗaya kusa da ruwan.

Ba mai zargin waɗanda suka gudu, duk wanda ya ji wannan ƙara dole ƙafarsa ta ɗauke shi. Amma da ƙura ta lafa, komai ya fito da sunansa. Kwamandan barikin ya bayyana a talabijin ya ba da haƙuri, ya ce haɗari ne, rumbun tsoho ne, kuma ana neman a gyara shi abin ya auku. Manyan makamai ne aka bari a tsakiyar gidajen jama'a. Babu tsarin sanar da mutane in masifa ta taso. Gadar da aka gina daga baya a wajen ba ta nan a wannan dare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin mutum ne, akwai ofishin da ke da alhakinsa, akwai wanda ake biya albashi dominsa. Wanda ya ce ai alamar ƙarshen zamani ce ya yi shiru, ya yafe wa dukkansu ba tare da sun nemi afuwa ba.

Kwana shida bayan haka, ranar Asabar 2 ga Fabrairu, faɗa ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da matasan Yarabawa. Rahotanni sun ce gardama ce a kan wurin bahaya ta kunna shi. Aka kwana uku ana ƙone-ƙone, aka rasa mutum fiye da 70, dubbai suka fake a barikoki. Masifa biyu a mako guda a gari guda, ba mamaki bakin mutane ya koma kan alamomin alƙiyama. Kuma ba shi ne na farko ba. A Yulin 1999 an yi na Shagamu, wanda ya taso daga zargin cewa wata mace ta fito a daren bikin Oro, bayan 'yan kwanaki aka rama a Kano a kan Yarabawan da ba su ji ba ba su gani ba. A Nuwamban wannan shekara aka yi na Ketu da Mile 12, inda aka rasa mutum fiye da 100. A Oktoban 2000 aka yi na Ajegunle.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya bi diddigin waɗannan rigingimu zai tarar da soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, da mutuwar Abiola a tsare a Yulin 1998, da ɗacin da hakan ya bari a zukatan mutanen Kudu maso Yamma. Zai tarar da ƙungiyar Yarabawa ta OPC da aka kafa a 1994, wadda ta tara matasa marasa aikin yi ta ba su abin da za su huce a kansa. A Mile 12 zai tarar da rigimar shugabancin kasuwa da kuɗin da ake karɓa a kan kowace motar tumatir da albasa. Zai tarar da 'yan sandan da ba sa zuwa sai an gama. Zai kuma tarar da abin da masu cewa ƙiyayyar ta jini ce ba sa so a tuna: a zaɓen 1993 Abiola, Bayarabe, shi ya ci Jihar Kano, mahaifar abokin takararsa Bashir Tofa. Rarrabuwar da aka gani bayan shekara shida ba daga sama ta faɗo ba, ƙulla ta aka yi, kuma an san masu ƙullin.

Ba mu ne farkon waɗanda suka dubi zamaninsu suka ce an zo gaɓa ba. Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ake karanta tafsirinsa na Jalalaini a masallatanmu duk watan azumi, ya yi zamani da mutanen da suka haƙiƙance cewa duniya ba za ta wuce shekara ta 1000 bayan Hijira ba. A 898 ya rubuta risala yana warware musu wannan zato. Sai dai shi ma ya yi nasa lissafin, ya ce ba za ta haura 1500 ba, malamai bayansa suka ce wannan ma ijtihadi ne, ba nassi ba. Tun daga nan kusan duk farkon ƙarni sai zukata sun motsa.

Shekara ta 1200 ta zo a 1785 zuwa 1786, lokacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kebbi. Jama'arsa da yawa sun ɗauka shi ne Mahadi. Shehu ya yarda zamani ya kusa, ya yi rubuce-rubuce a kan alamomin Sa'a, amma ya ƙi wannan rawani ƙememe. Ya tuna musu cewa a Maratta aka haife shi, kuma sunansa Usmanu, siffofin da aka ruwaito ba su hau kansa ba. Daga baya ya rubuta littafi sukutum yana gargaɗin 'yan uwa game da masu da'awar Mahadiyya. Abin lura shi ne yadda ya yi da ɓarnar zamaninsa. A Kitabul Farƙi bai tsaya ga cewa duniya ta lalace ba. Ya jera cututtukan da sunayensu: harajin zalunci, gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a sami hukunci, ƙwacen kayan talakawa a kasuwa. Mutanen da suka yi imani cewa lokaci ya ƙure su ne suka gina Sakkwato a 1809, Sarkin Musulmi Bello ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, Nana Asma'u ta kafa 'yan taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Kusancin Sa'a gaggawar gyara ya sa musu.

Wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 19 kuwa ya fi mu hujja nesa ba kusa ba. A 1881, gab da shekara ta 1300, Muhammadu Ahmad ya bayyana a Sudan ya ce shi ne Mahadi, a Janairun 1885 ya ci Hartum. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a daga Balda. A wajen 1890 annobar shanu ta share garken Fulani, har aka laƙaba mata suna Sannu saboda yawan jaje. A 1892 yaƙi ya tarwatsa Salaga, babbar kasuwar goro. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa, a wannan shekara kuma Basasa ta tashi a Kano, 'yan gida ɗaya suna yanka juna. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Turawa suka shiga Kano, ranar 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, dubban talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, da yawansu suna fatan haɗuwa da Mahadi. Ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa ya ƙarasa da sauran jama'a bakin kogin Nilu, suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, jikokinsu suna can har gobe. A Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka tsere suka tashi a Satiru, kusa da Sakkwato, da tutar Mahadiyya. A watan Maris aka karkashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Bayan wannan ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, ga annobar mura ta 1918 da ta sauka daga jirgin ruwa a Legas ta bi layin dogo zuwa Arewa. Idan tarin masifu hujja ne, to da a wancan lokaci aka naɗe ƙasa.

Abin da ya ƙare a wancan zamani wata duniya ce, ta fatake da madugai da ayarin jakuna masu shafe watanni tsakanin Kano da Gwanja. Kuma daga kufanta zangon Agege ya tsiro. Layin dogo ya kai Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, wanda ya tashi a fataucin Gwanja, yana cikin na farko da suka gane cewa hanya ta sauya, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Legas. Manoman Yarabawa a kewayen Agege suka dasa irin goron da Arewa ke so, har yau da sunan Gwanja suke kiransa. Hausawa suka zauna a bakin tasha suna saye suna ɗaurewa suna aikawa gida. Aka sami zango, aka sami Sarkin Hausawa, aka sami masallatai da makarantun allo, aka yi auratayya, aka haifi 'ya'yan da ke jin Yarabanci kamar Hausa. Baƙo ya sauka da shanu ko da jarinsa, maigida ya ba shi masauki da tuwo, ya tsaya masa lamuni a wajen mahauta ko manoma, a ba shi la'adarsa, ba takarda ba sa hannu. Duk wanda ke zaune a Agege yau yana cin albarkacin mutanen da aka gaya wa duniya ta ƙare, suka ɗaure kayansu suka shiga jirgi.

Shekara ta 1400 ma ba ta zo hannu rabbana ba. Ranar 1 ga Muharram, wato 20 ga Nuwamba, 1979, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami da bindigogi, suna cewa surukinsa ne Mahadi, aka yi mako biyu ana zubar da jini a inda ko sauro ba a son kashewa. Bayan shekara guda, a Disamban 1980, rikicin Maitatsine ya tashi a 'Yan Awaki cikin Kano, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 suka mutu. Ya sake ɓulla a Bulunkutu a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Mabiyansa yawanci gardawa ne da 'yan ci-rani da arzikin man fetur ya wuce ta kansu, suna kallon motoci da benaye suna kwana a tasha. Mai cewa duniya ta lalace gaba ɗaya ya sami kunnuwa a wajensu. Ba Musulmi kaɗai wannan cuta ke kamawa ba. A Maris na 2000, a Kanungu da wasu wurare na ƙasar Yuganda, wata ƙungiyar da ta sa wa mabiyanta ranar tashin duniya ta hallaka mutum fiye da 700 bayan ranar ta wuce ba abin da ya faru. A nan Legas ma, maƙwabcin da ke fitowa daga coci ran Lahadi abin da ake gaya masa ke nan, yana kallon Bahaushe a matsayin alamar ƙarshen zamani, Bahaushe yana yi masa irin wannan kallo.

Sai dai mai adalci ba zai tsallake hujjar ɗaya ɓangaren ba. Hadisai ingantattu sun ambaci yawan kashe-kashe, da ɗauke ilimi, da tozarta amana, da gasar dogayen gine-gine a cikin alamomin Sa'a, kuma ba makahon da zai ce ba ya ganinsu. Malamin da ya tuna wa jama'a wannan bai yi ƙarya ba. Amma malamai sun raba alamomi zuwa ƙanana da manya, sun kuma bayyana cewa ƙananan sun fara bayyana tun zamanin farko, aiko Manzon Allah (SAW) kansa yana cikinsu. Sahabbai sun ga kisan Sayyidina Usmanu, sun ga Jamal da Siffin. A shekara ta 930 ta Miladiyya Ƙaramiɗa suka karkashe alhazai, suka ciro Hajarul Aswad suka tafi da shi, ya shekara fiye da ashirin ba ya Makka. A 1258 Tattar suka ƙone Bagadaza suka kashe halifa. Alamar da ta shekara dubu da ɗari huɗu tana bayyana ba za ta gaya maka saura kwana nawa ba. Da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi (SAW) lokacin, ya nuna masa cewa shi ma bai fi mai tambayar sani ba. Da wani balaraben ƙauye ya yi irin wannan tambaya, sai ya mayar masa da ita a kan tanadin da ya yi. A wata ruwaya kuma ya yi umarni cewa ko Sa'a ta tsaya mutum yana riƙe da dashen dabino, in yana da iko ya dasa. Abin da aka ɓoye mana lokaci ne, abin da aka ɗora mana aiki ne, mu kuma mun fi son mu yi musaya.

A duba ma hadisin tozarta amana, wanda aka fassara shi da danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba. Wa ke danƙawa? Mai karɓar taliya da atamfa ranar zaɓe yana ciki. Mai naɗa ƙaninsa shugaban kasuwa alhali ya san halinsa yana ciki. Alamar aikin hannunmu ce kafin ta zama alama, kuma kasancewar an ba da labarinta tun da can bai mayar da ita halal ba.

Ibn Khaldun yana saurayi annobar 1348 ta kashe iyayensa biyu da malamansa a Tunis. Ya ga birane sun zama kango, dauloli sun durƙushe, har ya kwatanta abin da sauya halitta gaba ɗaya. Amma da ya zauna rubuta Muƙaddima a 1377, dalilai ya nema: yadda zumunci ke kafa mulki, yadda jin daɗi ke kashe shi, yadda haraji mai nauyi ke korar manomi da ɗan kasuwa, yadda zalunci ke rushe gari. Saboda wannan ake karanta shi har yau, waɗanda suka tsaya ga salati da girgiza kai kuwa ba a san sunayensu ba.

Mai sayar da goro a Agege ya fi kowa sanin wannan karatu, ko da bai taɓa jin sunan Ibn Khaldun ba. Lokaci zuwa lokaci yakan kwance huhu, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya zube goron. Ya ɗauki kowane ƙwaya ya juya shi a yatsa, ya duba ƙasansa, wanda ya ga ɗigon baƙi ya fasa shi da farce. In sankara ta shiga ya jefa shi gefe. Ya cire ganyen da ya bushe ya sa ɗanye, ya yayyafa ruwa, ya mayar ya ɗaure tamau. Ya sani sarai goro ba ya dawwama, kuma ya san sankara ba ta ƙarewa a duniya. Amma ba a taɓa jin ya buɗe huhu ya ga ruɓaɓɓe uku ya ce shi ke nan, goro ya zo ƙarshe, ya naɗe hannu ba. In ya yi haka, kafin wata ya kama maganarsa za ta zama gaskiya.

An ga irin wannan hali na ƙin naɗe hannu a watan Afrilun 2020. An kulle Legas tun 30 ga Maris saboda korona, hotunan Ka'aba ba kowa suna yawo a waya, an hana jam'i, ga yunwa. Gungun ɓata-gari da ake kira Awawa da One Million Boys suka addabi Agege da Alimosho da kewaye. Saƙonnin WhatsApp suka cika da lissafin alamomi. Amma abin da ya tsare gidaje shi ne mazauna layi da suka fito suka kunna tayoyi a bakin hanya, suka raba dare a tsakaninsu suna gadi, ba a tambayar kowa garin ubansa kafin a ba shi sanda. A irin wannan dare mutum ke gane cewa wanda katangarsa ta jingina da taka ya fi ɗan garinku da ke nesa amfani.

Yau ma akwai abin kuka. An hana acaba a manyan sassan Legas a Yunin 2022, a watan Satumba aka haɗa da Oshodi-Isolo da Mushin, samarin Arewa da yawa suka rasa abin yi dare ɗaya. Can gida 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, shi ya sa ake ta kwararowa Kudu. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi sama. A cikin zango kuma, masallacin wannan ƙungiya yana kallon na waccan, ba a bin juna salla. Duk cikinsu ba wanda ba shi da mafari, ba wanda ba shi da masu cin riba, ba kuma wanda ya fi ƙarfin a zauna a kansa: da sarkin Hausawa da baalen Yarabawa, da shugabannin kasuwa, da limamai, da kansila da ɗan majalisar da aka zaɓa.

Furucin ƙarshen duniya yana da amfani guda, idan mutum ya faɗa wa kansa don ya biya bashin da ke wuyansa, ya nemi gafarar wanda ya zalunta, ya gyara mudunsa. Kowa alƙiyamarsa tana tsayawa ranar da aka sa shi a rami, wannan kam kusa take. Amma idan aka faɗe shi don a rufe zance, to azzalumi aka yi wa aiki, domin ba abin da ya fi so kamar a ce ɓarnarsa ƙaddarar zamani ce. Yana kuma karya gwiwar yara. Saurayin da ya tashi yana jin manya kullum suna cewa komai ya ƙare, da wace zuciya zai zauna ya koyi sana'a ta shekara biyar? Irinsa ne mai wa'azin ƙarya da ɗan siyasa mai neman 'yan daba suke samu da araha.

Saboda haka, mai karatu, rikici da rarrabuwa ba su isa hujjar cewa duniya ta zo ƙarshe ba. Sanin wannan rana yana wurin Allah Shi kaɗai. Abin da suke tabbatarwa shi ne an yi sakaci, an ci amana, an bar zalunci ya yi saiwa. In an sake faɗin maganar a majalisarku, ka amsa addu'ar da amin, sannan kada ka bari a tashi. Ka tambaya wa ya yi, me ya jawo, wa za a je a samu, kuma yaushe za a tafi.